Dambuna da Ƙafar Nomau

Zogale ba a yi masa wanki ɗaya. Ana zuba shi a babbar roba, a cika da ruwa, a motsa da hannu, a tsame, sannan a duba gindin robar. In an ga yashi, ko da bai kai ƙwayar gero ba, a zubar da ruwan a sake. Ni har yau in na gama sai na ɗauki ganye na tauna a hankali, ina sauraron haƙorina. A nan ƴan matan da ke zuwa rumfata a tashar Dogon Dutsi don koyon sana'a suke fara gajiya da ni. A ganinsu sayar da abinci ba wani aiki ba ne: a sayi kula, a dafa taliya, a zuba mai da yaji, a zauna ana latsa waya har ta ƙare. To, ku zauna ku ji. Sunana Rabi, a bakin murhu na tsufa, kuma na ga lokacin da ƙafar wani mutum, a yanke ta ko a bar masa abarsa, ta dogara ga abin da ake zuba masa a kwano.

Wajen Goggo Tamo na koya, ƙanwar babana. Da na gama lakwal, wato firamare, ban samu wucewa kwalej ba, sai aka kai ni wurinta. Na daɗe ban taɓa ludayi ba. Aikina shi ne wanke kwanoni da toka, ɗebo ruwa, tsince wake da surfen gero. Kayan aikinta ba su da yawa: manyan tukwane biyu, muciya, mara, rariya, faifai, wani ludayin duma da ya yi baƙi don tsufa, sai madambacin ƙasa da ake ɗorawa a kan tukunya a liƙe tsakaninsu da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere. Madambacin nan yana wurina har yanzu. Ba na barin kowa ya wanke shi, domin in ya fashe ban san inda zan samu irinsa ba.

Dambu ba ya son gaggawa. A wanke tsakin gero, a tsane shi, a turara har ya yi laushi, a juye a ƙwarya a murje da hannu tun yana da zafi, a haɗa da zogale da albasa, a mayar ya sake turara. Mai kuwa kaɗan ake sa masa, sai dakakken ƙuli-ƙuli da yaji. In aka cika ruwa ya cuɗe, in aka rage ya shaƙe mutum. Na ɓata da yawa kafin in iya.

Ranar da Goggo ta fara miƙa mini ludayi, wani ɗan dako ya zo da hantsi ya ce a zuba masa farar shinkafa. Na ɗaga murfi ke nan sai ta riƙe hannuna. Ta tambaye shi, "Kaya sun ƙare ko da saura?" Ya ce mota guda ke jiransa. Ta ce, "To shinkahwa ba ta kai ka. Rabi, zuba mishi wake da dambu." Da ya tafi ta ce in daina kallon tukunya kawai, in riƙa kallon benci.

Na kuwa zuba ido. Wanda ya karya da burodi da shayi mai sukari, kafin rana ta take ya dawo yana hamma, yana neman faɗa da kowa. Wanda ya ci farar shinkafa da mai zai tashi cikinsa ya yi tim, amma kafin azahar yana leƙen tukunya. Wanda ya ci wake, ko dambun gero da ganye, ko ya sha fura mai kauri da nono, ba a sake ganinsa sai la'asar, wani ma sai gobe. Goggo tana kiran na farko abinci mai wucewa, na biyu abinci mai zama. Mai wucewa ya fi kawo ciniki, tunda mutum ɗaya zai saya ya dawo ya ƙara saya. Shi ya sa dukanku kuke son taliya.

Bayan rasuwar Goggo, rumfar ta dawo hannuna. Ba a jima ba aka yi wata shekara da damina ta ƙi, gero ya yi tsada har shinkafar waje da taliya suka fi shi araha. Masu dambu da yawa suka kife madambaci. Ni ma na ƙara tukunyar shinkafa da ta taliya, don in ban yi ba rumfar za ta mutu. Da gero ya dawo, bakin mutane bai dawo ba. Sun saba da fari, mai santsi, wanda ba sai an tauna ba. Na ci gaba da yin dambu kaɗan, sai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wanda muke kira kopto, saboda tsofaffi da ƴan kaɗan da ba su bari ba.

Cikin waɗanda suka koma wa fari babu kamar Nomau. Shi ɗan Goggo ne, wato taubashina, kuma direban motar kasuwa ne. Yau yana Matankari, gobe Kore Mairuwa, jibi Tibiri, duk inda kasuwa ke ci. Tunda ni ɗiyar namiji ce shi ɗan mace, a al'adarmu bawana ne, kuma ba na bari ya manta.

Da safe zai iso tasha ya zauna wajen mai shayi, ya cinye dogon burodi da mayonez, ya kora da shayi mai madara da sukari. Kafin a gama lodi ya iso rumfata.

"Uwar tsoro, zuba ma maigidanki abinci!"

"Maigidan wa? Bawa, zamna ƙasa in ba ka ƙanzo."

"Shinkahwa, ki aza taliya bisa. Ƙara mai. Ƙara mana, hannunki na rawa kamar an kira ki wajen jandarma."

In zuba, in yi masa gyara kamar yadda ake yi wa kowa. Ya sunkuya, hannu ɗaya ya kewaye kwanon kamar wani zai fizge, ba ya ɗagowa sai ya side. Sannan ya aika a kawo masa lemun kwalba. Nakan ce masa mutane sau ɗaya suke cika-ciki a shekara, shi kullum ne. Ya yi dariya ya shafa tumbinsa, wanda a lokacin har yana gogar sitiyari. Mutane kuwa yabo suke yi. "Nomau ya huta." "Sa'a ta iya kiwon miji." Sa'a ita ce matarsa.

Ni na san wani abu da masu yabon ba su sani ba, don Goggo ta gaya mini. Lokacin da Nomau yana ƙarami suna zaune a wani ƙauye kusa da Lugu, aka yi yunwa mai tsanani. Mijinta ya tafi ci-rani shiru. Anza suke tsinkowa a daji, ɗiyan itace ne masu ɗaci, sai an jiƙa an zubar da ruwan an sake jiƙawa kafin su ciwu. Yaran gidan duka a ƙwarya ɗaya suke ci, wanda ya tsaya taunawa ya tashi da yunwarsa. Goggo ta ce ko bayan sun dawo gari, abinci ya samu, takan tarar da guntun tuwo a aljihun rigarsa ko ƙarƙashin tabarmarsa.

Wata kaka motarsa ta kafe a rairayi a hanyar Matankari. Wajen turawa ƙaya ta soke shi a ƙafar dama, wadda yake taka totur da birki da ita. Bai ma ji ba, sai da ya ga jini a takalmi. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarsa. Ni dai na lura ya fara ɗingishi, kuma ruwan randata ba ya kai la'asar in yana tasha. Na yi magana, ya ce, "Ke kome tsoro. Ƙaya ta hwa, ba maciji ba."

Allah ya sa akwai Majo Bulus. Tsohon shugaban ma'aikatan jinya ne da ya yi ritaya, Kirista, gidansa na wajen mishan, kuma kusan kullum yana zuwa cin kopto. Rannan Nomau ya ɗauki butata zai yi alwala, ya kwance tsumman, Majo yana zaune a benci. Na ga Majo ya ajiye cokali.

"Nomau, tun yaushe wanga ciwo?"

"Tun ana yankan gero, Majo. Shina warkewa."

"Ba shi warkewa. Taɓa nan. Ka ji hannuna?"

Nomau ya girgiza kai. Majo ya rage murya ya yi masa wasu tambayoyi da ban saurara ba, sannan ya ce, "Yau ba ka tahiya kasuwa. Tashi mu tahi asibiti."

Da yamma Sa'a ta zo rumfata, ta zauna a bayan tukwane inda ba a ganinta. Ta ce ciwon suga ne. Likita ya ba da magani, ya ce a riƙa zuwa wankin ciwon, kuma dole a canza abinci. In sugan bai sauka ba ciwon ba zai rufe ba, in kuma ya ci gaba da cin nama, sai an yanke ƙafar. Direba ba ƙafar dama. Gida mai yara, ga tsohuwar Sa'a a hannunsu, duk motar nan ce ke ciyar da su.

Washegari ban jira Majo ya zauna ba na tare shi. "Majo, don Allah gaya mini gaskiya. Abincina na?"

Ya ce, "Rabi, ba ke ɗai ke dahwa shinkahwa ƙasar nan ba. Akwai gado a ciki, akwai zama cikin mota wuni guda, akwai ci. Gadon ba ki iya mishi kome. Cin kina iyawa." Ya yi mini bayani cewa farar shinkafa da burodi da taliya da sukari suna shiga jini da gudu, su sa sugan ya hau, in ya faɗo kuma yunwa ta taso sabuwa, mutum ya sake ci, jiki ya yi ta tarawa. Ganye da wake da geron da ba a cire masa dusa duka ba kuwa a hankali suke shiga. Na ce ashe mai wucewa da mai zama. Ya ce in kira shi duk yadda nake so, in dai zan yi aiki da shi.

Muka raba aiki da Sa'a: ita gida, ni tasha. Na samo wani kwano madaidaici na ware masa. In ya zo, kopto nake fara ba shi, sai ya cinye sannan in zuba dambu ko wake, mai ɗan kaɗan, in akwai kifi in ɗora. Ruwa a moɗa, ba lemu. Na je wajen mai shayi na roƙe shi ya riƙa soya masa ƙwai ya ba shi shayi ba sukari.

"Akuya kika maishe ni?" in ji Nomau, yana juya ganyen da cokali.

"Akuya ta hi ka hankali, ita ta san ta ƙoshi. Tauna, bawa. Babu mai ƙwace maka."

"Wallahi da Inna na da rai ba ki yi mini haka."

"Da Goggo na da rai da muciya za ta ba ka shi."

Yana ci yana mita, amma yana ci. Na ɗauka mun kama hanya. Sai ga shi makonni suna wucewa, ciwon bai rufe ba. Sa'a ta ce duk zuwan da suka yi awo sugan yana sama, kuma likita ya ce in an koma haka, za a tura su babban asibitin Doso a duba maganar yanka. Na rasa inda matsalar take. Na rage mai. Na canza mai sayar mini da ƙuli-ƙuli, ko tana sa sukari ban sani ba. Na bi mai shayi da tambaya har ya ce in ina so in zo in karɓi teburin. Na tambayi Sa'a ko yana satar ci a gida, ta ce tukunya a ɗakinta take kwana. Shi kuwa in na tambaye shi sai ya kau da kai ya ja wata hira.

Ana cikin haka aka yi mana rasuwa a Kore Mairuwa, kuma ranar da zan tafi ta'aziyya ta faɗa ranar kasuwa. Na rufe rumfa, na shiga motar Nomau, ya ba ni gidan gaba. Na lura tun a hanya ba ya son tafiyar nan da ni.

Muna tsayawa bakin kasuwa, ko injin bai kashe ba, wata tsohuwa mai masa ta taso da faifai a hannu. Inna Haske ake ce mata. Ɗanta yana ci-rani, kuma Nomau ne ke kawo mata saƙonsa, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ta miƙo masa ta taga, masa ce mai zafi an barbaɗe ta da sukari. "Ɗana, taɓa ka ji." Kafin ya gama, wata ta kawo fanke, don ya kai mata buhun gyaɗa gari kyauta. Wata ta kawo fura an dama da sukari, don shi ke sayo wa mijinta magani. Wani saurayi mai shago, mai ɗan gemu da ɗagaggen wando, ya rugo da lemu mai sanyi yana cewa, "Baba Nomau, mersi da kaya, Allah shi saka." Can kuma wata mai abinci tana ɗaga masa hannu, ta riga ta zuba shinkafa.

Ya kalle ni, na kalle shi. Ya ci masar. Ya ci fanken. Ya shanye furar. Ni kuwa na wuce gidan rasuwa.

Sai da na dawo daga gidan rasuwa, ana lodin komawa, na same shi shi kaɗai a mota.

"Haka ake yi kowace kasuwa?"

"Awo."

"Matankari ma? Tibiri ma?"

"Dut."

"Nomau, ƙahwarka za a yanke."

Ya ce, "To mi kike so in yi? Tsohuwa ta taso da abin hannunta, ba ta da abin ba ni sai shi. In ce mata a'a? In ce mata ba ni da lahiya, gobe kasuwa duka ta ji direba na da ciwon ƙahwa? Wa ke shiga motata?"

"Karɓa ka aje. Ka ba wani."

Sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Na gwada. In abinci na gabana, Rabi, ba ni iya barin shi. Ba yunwa nike ji ba. Ko cikina ya cika, wani abu na ce mini ci, ba ka san gobe ba. In kuma mota ba kome a ciki, sai in ji gabana na hwaɗuwa tun ba mu bar gari ba."

Na zauna ina tunani. In na je na ce wa matan nan su daina, na ci musu fuska, don na mayar musu da godiyarsu. In na faɗi ciwon, na kashe masa sana'a. In na yi shiru, ƙafa ta tafi. Ga shi ni ko a gidan biki ba na ɗaga murya. Sai na tuna da abu ɗaya da nake da shi wanda Sa'a ba ta da shi, Majo ba shi da shi, likita ma ba shi da shi. Ni taubashiyarsa ce. Abin da zan faɗa masa a tsakiyar kasuwa a yi dariya, in wani ya faɗa sai an kai ga maigari.

Na sauka daga motar, na ɗaure gyale a ƙugu, na tsaya gaban rumfar Inna Haske.

"Jama'a, ku yi mini shaida! Kun san wanga mutum?"

Aka ce, "Nomau na!"

"To ɗan goggona na. Ɗan mace. Mi ya zama ke nan?"

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Bawanki na!"

"Madalla. Abin da bawa ya samu, na wa na?"

"Na uwargijiya tai!"

"To ashe shekara da shekaru kuna ba ɓarawo hakkina shina cinyewa a hanya! Ku dubi tumbi, dukiyata ta a ciki. Daga yau wadda za ta gode mishi, ni za ta ba. Kuma ni mai abinci ce, ba ni karɓar dahwahwe. Ɗanye nike so: wake, busasshen zogale, ƙwan zabi, kuɓewa. A ƙulle a sa bayan mota. Wadda ta sake ba shi abin ci a hannu, ni da ita."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Nomau ya leƙo ta taga yana cewa, "Ƙarya takai, mayya ta, ku kore ta!" Hakan ya ƙara wa mutane dariya. Saurayin mai shago ya ce shi bai yarda da maganar bauta ba, amma tunda wasan zumunci ne, zai riƙa ajiye mini ruwan leda. Inna Haske ba ta yi dariya sosai ba. Ta dubi farin ƙyallen da ke ƙafar Nomau, ta dube ni, ta jawo ni kusa ta ce a kunnena, "Na gane, ɗiyata. Bar mini sauran matan."

Haka na bi shi Matankari, na bi shi Tibiri, na yi wannan haukan a kowace kasuwa. A Tibiri har muryata ta dishe. Kaya suka fara zuwa a ƙulle-ƙulle. Ban taɓa ko ƙwayar wake ba, don da sunan wasa aka ba ni, kuma ba na son abin da za a tambaye ni ranar lahira. Duk gidan Sa'a nake aikawa, ita kuma ta dafa masa su da hannunta.

Saura maganar faɗuwar gaba. Na sayi kwano mai murfi, kullum da safe in cika shi da dambu da ganye, in ɗaure da tsumma in miƙa masa. Na ce, "Aje shi kusa da kai inda kake ganin shi. Ba na ce ka cinye ba. Ka dai san shina nan." Da farko kafin su fita gari ya side shi. Daga baya ya zama sai sun isa kasuwa. Daga baya kuma sai azahar. Ni dai kullum in karɓi kwano wayam in wanke.

Ba a yi saurin ganin sauyi ba, kuma ni ban iya jira ba. Kullum sai na sa ya kwance ƙyallen na gani, har ya ce zai riƙa karɓar kuɗin kallo. Sannu a hankali bakin ciwon ya fara ja, ya daina ruwa, ya fara tsukewa. Maganar Doso ta lafa. Tumbin ya ja baya ya bar sitiyari, wuyansa ya fito, rigunansa suka yi masa yawa. Nan kuma bakin mutane ya juya. Masu cewa Sa'a ta iya kiwo suka koma cewa ta daina kula da shi. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce doguwa ce ta taɓa shi a hanyar Lugu. Sa'a ta sha magana a gidajen suna, ta haɗiye. Ta ce mini gara a ce mijinta ya rame da a ce ga gurgun can.

Ranar da Majo ya duba ƙafar a rumfata, ya danna wurin da yatsa, ya juya ta, ya duba tsakanin yatsu, sannan ya ce, "Ta ruhe." Na ce ya sake dubawa. Ya sake, ya ce, "Rabi, ta ruhe. Amma sugan bai tahi ko'ina ba. Magani kullum, awo a kan lokaci, takalmi ruhwahwe, kuma kada a koma gidan jiya." Na shiga bayan tukwane na zauna a ƙasa. Ranar sai da na ƙona wake, abin da rabona da yi tun ina wajen Goggo.

To, ku da kuke son sana'ar nan, ban ce kada ku dafa taliya ba. Ni ma ina dafawa. Amma ku ajiye ganye da wake a gefe, ku san wanda ya zo da aiki a gabansa, ku san wanda ya zo da yunwa, ku san wanda ya zo da wani abu da ba yunwa ba. Kwano ɗaya ba ya yi musu duka.

Bayan maganar Majo da ɗan lokaci, wata la'asar Nomau ya dawo daga Matankari, ya ajiye mini kwanon a kan benci. Na ɗauka zan wanke, na ji nauyi. Na buɗe, dambu ne kusan rabi. Na ɗebo na ɗanɗana: gishiri daidai. Na sansana: bai yi tsami ba. Na tauna a hankali: ba yashi.

"Nomau, mi ya samu dambun? Ka ga wani abu a ciki?"

"A'a."

"Ba ka da lahiya? Cire takalmin in gani."

"Ke, uwar tsoro, lahiyata lau."

"To don mi ka rage?"

Ya tsaya yana kallon kwanon kamar shi ma bai san yadda aka yi ba. Sannan ya ce, "Na ƙoshi."

Tun muna yara nake tare da mutumin nan, ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Na rufe kwanon, na ce ya kai wa yara. Sannan duk da haka na sa shi ya cire takalmin.